Mai Feshi da Zakaran Mama Tafireta

Duk unguwar babu wanda ya san cikin gidajen mutane kamar Mai Feshi. Baƙo iyakarsa falo, ɗan uwa ya leƙa kicin, amma Mai Feshi ake buɗe wa ɗakin da ake jin kunyar a gani, wato sito, inda ake jibge karyayyar fanka da akwatunan da zif ɗinsu ya mutu da takalman yaran da yanzu su ma sun haifi nasu. Sana'arsa ke nan, kashe kyankyasai da kuɗin cizo da gara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗan haura arba'in, gemunsa ya yi furfura ta gefe guda kawai, kamar ɗaya gefen bai samu labari ba. Yana yawo a kan wani tsohon babur mai tari, da shuɗin tankin feshi ɗaure a baya. In ya isa gida sai ya sa takunkumi da safar hannu, ya ce a rufe abinci, a kwashe kwanuka, kowa ya fita waje. Daga nan gidan ya zama nasa har sai ya gama.

Ba ya ɗauke-ɗauke, wannan kowa ya shaida. Mace ta sha mance sarƙarta a gaban madubi ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta. Rauninsa guda ɗaya ne tak, tsohon gem. Ba irin na waya da yara ke latsawa yanzu ba. Na da, mai kaset, wanda ake jona wa talabijin mai ƙatuwar ƙeya, wanda sai ka hura wa kaset ɗin iska ka ɗan bubbuga shi a cinya kafin ya yarda ya tashi.

Ciwon ya samo asali tun yana firamare. Babansa direban babbar mota ne, wata rana ya dawo daga doguwar tafiya da wani injin gem da wani ya gama yayinsa, da kaset guda ɗaya, ruwan ɗorawa, takardar jikinsa ta yage har ba a ganin suna. Wasan wani zakara ne mai takalmin taya, yana gudu a cikin wani makeken kicin yana kwasar ƙwai, masu girki masu dogayen huluna suna jifansa da ludayi. Yaron ya haddace kicin ɗin kamar tafin hannunsa. Ya wuce wurin tukwane, ya wuce wurin wuƙaƙe, amma da ya shiga ɗakin ƙanƙara sai takalmin ya kwashe zakaran ya zuba shi a rami. Kullum a nan yake mutuwa. Ana cikin haka sakamakon jarrabawa ya fito, babansa ya duba, ya sake dubawa. Washegari ya tafi da injin da kaset ɗin a motarsa, ya dawo babu su. Yaron bai taɓa ganin abin da ke bayan ɗakin ƙanƙara ba.

Da ya girma ya kama sana'ar feshi, sai ya gano ashe rabin sitocin garin akwai irin wannan injin a ciki, yana kwance ƙarƙashin ƙura. Da farko yakan nemi a sayar masa. Nan ya fahimci halin mutane. Abin da ya shekara goma ba a waiwaye shi ba, da zarar ka ce kana so sai ya zama gadon gida. Sai ya sauya dabara. Yakan fito da injin tsakar gida riƙe da yatsu biyu, yana nesanta shi da jikinsa, ya kira matar gidan.

"Uwar ɗakina, zo ki ga inda matsalarku take. Wannan abin da kike gani, masaukin kyankyaso ne. Nan suke aure, nan suke haihuwa. Magani ba ya shiga cikinsa."

Sai ya girgiza shi, kyankyaso ya faɗo ƙasa, matar ta yi tsalle ta ce don Allah ya tafi da shi can ya ƙone. Maganar tasa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don kyankyasai suna son irin waɗannan wurare. Sai dai wanda ke faɗowa ɗin ba ɗan gidan ba ne. Wani busasshen kyankyaso ne da Mai Feshi ke yawo da shi a kwalin ashana, yakan saƙala shi tsakanin yatsunsa ya sake shi a daidai lokacin. Sun daɗe suna aiki tare, har akwai ranar da ƙafarsa ɗaya ta cire, Mai Feshi ya zauna ya manne masa ita da gam. Don ya wanke zuciyarsa, duk gidan da ya yi wa haka yakan ƙara musu feshin bayan gida da kwata kyauta, ya tafi yana jin an yi adalci.

Abin da bai samu a sito ba yakan bi shi kasuwar tsofaffin kaya, layin da ake zube rediyo da dutsen guga da rimot a kan buhu. A can ma yana da tsarinsa. Ba ya taɓa kallon abin da ya kawo shi. Sai ya tsuguna ya ɗauki mataccen dutsen guga ya yi ta juya shi, ya kushe shi, ya taya, ya ajiye, ya miƙe kamar zai tafi, sannan ya nuna kaset da ƙafa ya ce, "Wannan robar fa, ta mece ce?" Ya san na ainihi daga jabu ta nauyi da irin ƙusar da aka ɗaure bayansa da ita, wani lokaci har da shinshinawa. An sha cutarsa kafin ya ƙware. Ya taɓa ɗauko wani da aka rubuta wasanni dubu a jikinsa, ya zo gida yana rawar jiki, ashe wasa ɗaya ne na harbin jirage, ana sauya wa sararin sama launi kawai. Daga baya 'yan kasuwar suka waye, suka fara duba waya suna cewa ai yanzu tsohon gem ya zama zinare a duniya. Da sun hango shi sai su ɓoye dutsen gugan su tura masa kaset gaba.

A gida, Malama ce ke shan wahalar abin. Matarsa ce, tana koyar da lissafi a wata firamare, mace mai son kowane abu a muhallinsa. Kwalaye sun cika saman wadrob, sun cika ƙarƙashin gado, sun fara gangarowa bayan kujerar falo. Talabijin masu ƙeya har biyu ya ajiye, wai tsohon gem ba ya kyau a siririyar talabijin ta zamani.

"Abban yara," in ji ta wata rana, tana neman takalminta ta jawo wata doguwar waya, "kai da aikinka raba mutane da ƙwari, ka kwaso tarkacen gari kaf ka tara mana. Yanzu in ƙwarin suka biyo kayansu fa?"

"Su biyo mana. Gidan wa za su zo?"

"Wai me kake nema ne a cikin robobin nan da har yanzu ba ka samu ba?"

"Zakara," in ji shi.

Ta dube shi, ta dubi silin, ta ci gaba da neman takalminta.

Gaskiya ya faɗa mata. Duk kaset ruwan ɗorawa da ya gani sai gabansa ya faɗi. Ya tara su da yawa, na tseren mota, na dambe, na wani mutum mai haƙa rami, amma babu zakara. Tun da bai san sunan wasan ba, in ya yi wa 'yan kasuwa kwatance sai su yi ta dariya, har wani ya fara yi masa cara in ya hango shi.

Ranar da abin ya faru, wata ma'aikaciyar banki ce ta kira shi ya yi feshi a gidan mahaifiyarta, wani ɗan madaidaicin gida a hawa na biyu, saman shagon mai wanki da guga. Tsohuwar ita kaɗai take zaune. Siririya ce mai farin tabarau, ta kusa saba'in ko ta ɗan wuce, tana zama a miƙe kamar an sa mata sanda a baya. Duk layin Mama Tafireta ake ce mata, don ta ƙare ƙuruciyarta tana buga tafireta a ofis har ta yi ritaya. Ta ƙi fita waje, ta ce ita a baranda za ta zauna, ta ga abin da ake yi mata a gida.

Sitonta babu komai sai tsintsiya da bokiti. Mai Feshi har ya fid da rai. Sai da ya zo fesa bayan talabijin, ya ɗaga wani ɗan ƙyalle mai saƙa da aka lulluɓe wani abu da shi, ya ga inji. A gefensa ga kaset ruwan ɗorawa. Wannan takardarsa ba ta yage ba, ta dai koɗe. Ga zakaran nan ya wage baki, ga takalmin taya, ga wani mai doguwar hula ya ɗaga ludayi.

Sai da ya zauna a ƙasa da tankin a bayansa. Ya cire takunkumi ya share zufa, ya mayar. Sannan ya laluba aljihu ya buɗe kwalin ashana.

"Mama," ya ce, yana fitowa baranda da injin da kaset ɗin a yatsu biyu, "na gano inda matsalarki take."

"To, madalla."

Ya karanto mata karatunsa tsaf, da aure da haihuwa da duka. Ya girgiza, kyankyaso ya faɗo kusa da silifas ɗinta. Mama Tafireta ba ta yi tsalle ba. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta ɗauki gawar da farce ta kai ta wajen haske.

"Allah sarki," ta ce. "Wannan ai ya daɗe da rasuwa. Wa ya yi masa ɗorin ƙafa?"

Mai Feshi ya yi tari a cikin takunkumi.

"Ɗan nan, ni kullum da yamma sai na kunna abin nan. In da akwai masu aure a ciki da sun gayyace ni. Mayar min da kayana inda ka ɗauko, ka dawo ka faɗa min abin da kake so da bakin mutane."

Ya mayar, ya dawo ya tsuguna a gabanta kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya ba ta labarin babansa da ɗakin ƙanƙara, ya ce ta faɗi duk abin da take so zai saya. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Na autanta ne, ya girma ya tafi ya bar shi. Da yatsunta suka fara sanƙarewa bayan ritaya, likita ya ce ta riƙa motsa su, ita kuwa ba ta iya saƙa ba, sai ta jawo gem ɗin yaron. Daga magani abin ya zama jiki.

"Amma na ji tausayinka," in ji ta. "Ka zo ran Asabar mu buga. Kowa ya yi nasa. Ranar da zakaranka ya wuce nawa nisa, ka ɗauki kaset ka tafi. Ungo abokin aikinka."

Ta miƙa masa kyankyason.

Mai Feshi ya sauko bene yana murmushi. Tsohuwa mai ciwon yatsu! Har ya fara tunanin inda zai ajiye kaset ɗin a gida.

Ran Asabar ya tarar ta riga ta kunna, kiɗan wasan na tashi, ƙyallen nan yana yafe a saman injin. Da ya ji kiɗan sai da idonsa ya kawo ruwa, ya fake da cewa ragowar maganin feshi ne. Ta ba shi hannun gem ɗaya, abin dannawar da ake sarrafa zakaran da shi, ta ce baƙo ne zai fara. Ya wuce tukwane da ƙyar, a wurin wuƙaƙe aka rafke shi da ludayi, ya lallaɓa ya shiga ɗakin ƙanƙara, takalmi ya kwashe shi ya zuba a ramin nan dai na tun yana yaro. Mama ta karɓa. Ba ta karkata jiki, ba ta cije leɓe, yatsunta kawai ke aiki, kas kas kas. Zakaranta ya ratsa kicin kamar gidan ubansa. Tana shiga ɗakin ƙanƙara ta wuce raminsa da taku kaɗan, sai ta ajiye hannun gem ɗin a cinya ta bar zakaran ya faɗa rami na gaba.

"Mama, ki ci gaba mana in ga gaba!"

"Na wuce ka ai. Gaba ta mai rabo ce. Sai wata Asabar."

Haka aka yi ta yi. Kowace Asabar sai ta wuce shi da ɗan kaɗan ta tsaya. In ya mutu a tukwane, ita ma ba ta kaiwa wuƙaƙe. Abin ya fi shan kaye ciwo. Ya fara neman hanya. Ya kawo mata biskit mai maiƙo don yatsunta su yi santsi, ta ci ta goge hannu da tawul ta gode masa. Ya zo da wuri don ya same ta da magagin barcin rana, ya tarar har ta yi shayi. Ya ce bari ya ɗauke mata hankali da hira, ya tambaye ta labarin ofis. Nan ya yi babban kuskure. Ta juyo ta fuskance shi gaba ɗaya tana ba shi labarin wani shugabansu da ba ya iya rubuta sunan ma'aikatarsa daidai, tana kwaikwayon muryarsa, zakaranta kuwa yana can yana tsallake ludayi, sai jifa-jifa take satar kallon talabijin ta wutsiyar ido.

"Mai tafireta ba ta kallon yatsunta, ɗan nan," ta ce. "Kawo wata hirar."

A gida Malama ta lura mijinta ya rage ci, yana zaune sai babban yatsansa ya riƙa motsi shi kaɗai. Da ya ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce lallai sai ta je ta gaishe da wannan baiwar Allah.

Dabarar ƙarshe ta zo masa ne ranar da Mama ta yi ƙorafin wayar hannun gem ɗinta ta fara tsagewa. Ya ce ta kawo ya gyara mata, ai aikinsa ne. Ya tafi da su duka biyun, ya kwance su, ya goge datti, ya naɗe wayar tsaf. Da ya zo rufe nata, mai ɗigon jan farce da ta sa don shaida, sai ya tsaya. Ya dubi ƙofa. Ya yagi 'yar takarda daga kwalin magani, ya ninke ta ƙanƙanuwa, ya cusa ƙarƙashin madannin tsalle. Ba ta hana shi aiki ba, sai dai in an danna ya ɗan yi jinkiri kamar mai shawara.

Asabar ɗin nan ya yi wasa iya ƙarfinsa, ya kai har bakin raminsa kafin ya faɗa. Mama ta karɓi nata, ta danna sau ɗaya, ta ɗan dakata, ta ci gaba. A wurin tukwane zakaranta ya makara, ludayi ya same shi a ka. Ya sake makara. Kafin a kai wuƙaƙe ya ƙare.

"To," ta ce, "yau ranarka ce. Juya ka ba ni wuri in cire."

Ya juya baya yana kallon bango. Ta naɗe kaset ɗin a farin hankici ta miƙa masa da hannu biyu, har da yi masa addu'ar Allah ya sa ya ji daɗinsa. Ya so ta ɗan ɓata rai, da ya fi samun sauƙi. Ya sauko benen da sauri kafin kunya ta cim masa.

Yana isa gida ya jawo injin da ya fi ji da shi, ya kira Malama da yara su zo su ga tarihi. Ya hura kaset, ya soka, ya kunna. Talabijin ta yi shuɗi. Ya cire, ya hura, ya buga a cinya. Ta yi kore. Ya sauko da wani injin, ta yi zane-zane kamar atamfa. Ya goge haƙoran kaset ɗin da auduga, ya sauya waya, ya sauya talabijin, ya zazzage kwalayen saman wadrob da na ƙarƙashin gado. Duk injin da ya mallaka sai da ya ɗanɗana kaset ɗin nan, babu wanda ya ce uffan. Yaran suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka koma kan waya. Malama ta tsallake tarin wayoyi da tire a hannu.

"Tarihin ya ƙare ne, ko in jira?"

Ya daure kwana biyu, ya kasa kaiwa Asabar. Ya ɗaure tanki a babur don a ce aiki ya fito, ya nufi saman shagon mai wanki. Ƙofar a buɗe take. Mama Tafireta na zaune a kujerarta, ga shayi kofi biyu a kan tebur, ɗaya an rufe shi da faranti.

"Na zaci tun jiya za ka zo," ta ce. "Zauna. Kawo."

Ta soka kaset ɗin a injinta, sannan ta sa hannu ƙarƙashin ƙyallen nan ta zaro wani tsohon matajin roba mai siririyar wutsiya. Ta cusa wutsiyar ta gefen hagu tsakanin kaset da bakin injin, ta ɗan tura shi gaba har ya yi ƙas. Ta kunna. Zakara ya yi cara.

"Auta ne ya taka shi yana yaro, wani abu ya tsage a ciki. Tun lokacin ba ya tashi sai a wannan injin, da wannan matajin, ta wannan gefen. Sun tsufa tare, sun saba da juna. Da ka tambaya da na faɗa maka."

"Mama, ai ba ki ce..."

"Kai ma ba ka ce ka sa min takarda ba." Ta tura masa hannun gem ɗin mai jan farce da ƙaramin sukudireba, da alama tun safe suke jiransa a kan tebur. "Ni da na yi rayuwata a kan madannai, ka ɗauka ba zan ji harafi ya yi nauyi ba? Dannawar farko na gane. Da na so, da na riƙa danna shi da wuri in wuce ka a hakan. Na bar ka ne don ina son ganin fuskar da za ka shigo da ita yau. Kuma wallahi ba ka ba ni kunya ba."

Mai Feshi ya kwance hannun gem ɗin kansa a sunkuye, ya zaro takardar. Ta karɓa ta warware ta, ta karanta sunan maganin da ke jiki, ta ce ko ita ma irinsa take sha. Ya ce ta yafe masa, ta riƙe kaset ɗinta. Ta ce a'a, ita ba ta mayar da kyauta, kaset nasa ne halak malak, sai dai injin da mataji nata ne, kuma ba sa fita ko nan da baranda. In yana son ganin kayansa, ya san hanya.

Haka kaset ɗin ya zama na Mai Feshi yana zaune a gidan Mama. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce, "Na wancan yaron ne mai kashe kyankyaso, ajiya ya ba ni." Malama ta cika alkawari ta je gaisuwa, suka rufe ƙofa su biyu suka daɗe ana jiyo dariyarsu. Abin da suka ƙulla bai sani ba, amma daga ranar Mama ta fara cewa ta gaji da zakara kullum, ya riƙa zuwa mata da wasu kaset ɗin tana gwadawa. Duk wanda ya kawo kuma sai ta ce bai kamata a yi ta wahalar da shi a babur ba, a bar shi nan. Sitonta mai tsintsiya da bokiti ya fara cika. Sai da tafiya ta yi nisa ya lura saman wadrob ɗin gidansa ya koma wurin akwatunan Malama.

Gasar kuwa ta mutu, tun da babu sauran abin da za a yi gasa a kai. Sai Mama ta koma koya masa. Ashe a ɗakin ƙanƙara ba a danna gudu, sakin madannin ake yi santsi ya kai ka, ka yi tsalle a kan tayil mai tsaga. Ta sha buge masa bayan hannu da wani mataji na biyu kafin yatsansa ya yarda ya saki. Ranar da ya tsallake ramin ya yi ihun da ya sa mai wanki ya hauro da dutsen guga a hannu yana tambayar ko lafiya. Bayan ɗakin ƙanƙara akwai wurin wanke-wanke mai kumfa, bayansa akwai ɗakin gashi, kowanne ya ci masa Asabar da dama.

Wata yamma, ana yayyafi a waje, ya kai ƙarshe. Wani ƙaton mai girki ya tare ƙofa da ludayi biyu. Mama tana gefe tana cewa yanzu, dakata, yanzu. Ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunsa ya fice. Kiɗa ya sauya. Mai Feshi ya ajiye hannun gem ɗin, ya matso gaban talabijin a kan gwiwoyinsa, bakinsa a buɗe.

Allon ya yi baƙi. Wasu layuka biyu suka fito da wani rubutu mai kama da ƙafar kaza, wanda daga shi har ita babu mai iya karantawa. Zakaran ya fito tsakiya ya ɗaga fiffike ɗaya. Sai ga shi kuma a farkon kicin, wurin tukwane, masu girki na jiransa.

Ya jira. Babu abin da ya ƙaru.

"Mama, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba ya komawa gida? Ba kaji? Ba komai?"

"Ina ya ga gida? Sake shi za ka yi daga farko, sai dai yanzu ludayin ya fi sauri." Ta cire tabarau tana share hawayen dariya da gefen mayafi. "Ni ma ranar da na fara gani sai da na kira auta a waya na yi masa faɗa."

Mai Feshi ya koma ya zauna daɓas a kan tabarma, ya dafe kai. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, shi ma ya fashe da dariya har yana tari. Kafin ya farfaɗo, ludayi ya sami zakaran da aka bari tsaye a tsakiyar kicin.

"Ka ga ka kashe shi a banza," in ji Mama. "Matsa can, layina ne. In ka huta ka leƙa bayan firij, jiya na ga wani ya wuce da gudu. Mai rai ne, ba naka ba."